Yadda ake mayar da tatsuniya waƙar ban dariya

Na daɗe ina tsara irin wannan waƙa domin taron ɗalibai da kuma yaran gida bayan sallar isha. Duk wanda zai saurare ka ya riga ya san Gizo zai faɗa ruwa. Abin da yake jira shi ne ya ji da wace murya za ka kai shi bakin ruwan, da kuma kalmar da za ka tura shi da ita. Aikin ke nan gaba ɗaya, kuma ana koyonsa kamar yadda ake koyon ɗinki. Zan yi amfani da tatsuniyar Gizo da hankaki, kuma duk baitocin da za ka gani a nan ni na tsara su domin misali.

Kayan aiki

Tatsuniya ɗaya da masu sauraronka suka sani tun suna ƙanana. Littafin rubutu da fensir mai abin gogewa, domin za ka goge fiye da abin da za ka bari. Waya mai naɗar murya. Abin da za ka riƙa bugawa don riƙe kari, wato bugun da waƙa ke tafiya a kansa: tebur, bayan ƙwarya, ko cinyarka. Sai masu sauraron gwaji, yara uku ko huɗu da babba ɗaya wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya.

In kana da ƙamus mai nuna tsawon wasali, irin na Bargery na 1934, ka ajiye shi kusa. In babu, kunnenka ya isa, muddin za ka riƙa furta kalma a fili ka ja ta.

1. Ka ji tatsuniyar daga baki, ka fitar da ƙashinta

Ka sami tsohuwa ko wata gwaggo ta ba ka ita, ka naɗa. A bakinta za ka ji inda ake jan murya, da inda yara ke fara murmushi tun ba a kai wurin ba. In ba ka sami mai ba ka ba, ka nemi littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko juzu'i ukun da Frank Edgar ya tara tsakanin 1911 da 1913, ka karanta tatsuniyar da ka zaɓa da ƙarfi sau biyu, sannan ka rufe littafin ka ba wani ita da ka.

Daga nan ka rubuta ƙashin labarin a layi shida ko bakwai, ba ado. A bakin da na ji ta, ga yadda take: an yi yunwa, hankaki suna da itacen ɓaure a tsakiyar kogi, Gizo ya lallaɓa suka ara masa gashi aka manna masa, da aka je ya hana kowa ci, suka karɓe gashinsu suka tashi, ya faɗa ruwa ya tsinci kansa a gidan kada, ya ce shi ɗan'uwa ne, ya cinye ƙwai, ya tsere.

Wannan ƙashin kada ka taɓa shi. Masu fara wannan aiki sukan juya labarin tun daga tushe don neman burgewa, sai yaro ya ɗaga hannu ya ce ba haka take ba, shi ke nan ka rasa shi. Ƙauye ya bambanta da ƙauye a ƙananan abubuwa, amma ɓauren da gashin aron da faɗuwar na kowa ne.

2. Ka tsayar da muryar mai ba da labari

Wannan matakin ya fi sauran nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin ka rubuta ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na baiti, ka san wane ne ke magana.

Muryar da ta fi yi mini aiki ita ce ta maroƙi. Ka ɗauki Gizo, ɗan ƙaramin makwaɗaici, ka yi masa kirarin da ake yi wa mazan fama, da fuska a ɗaure:

Toron giwa, mai ban tsoro,
Mai yin yaƙi da tuwon kowa.

Gizo ne, bajimin bakin murhu,
Ba ya tsoro, sai dai yunwa.

Ka lura ɗangon farko yana hawa da mai sauraro sama, har ya ɗauka sarki za a ambata, na biyu kuma ya dire shi a gaban akushi. Tazarar da ke tsakanin girman murya da ƙanƙantar abin da ake magana a kai ita ke haifar da dariyar. Da zarar mai ba da labari ya nuna ya san abin dariya yake faɗa, tazarar ta rufe.

Akwai wasu muryoyin. Akwai ta maƙwabciya mai gulma ta kan katanga, wadda ta dace da habaici. Akwai ta mai karanta labarai a rediyo, ya ce rahotanni daga bakin kogi na cewa. Akwai ta Ƙoƙi, matar Gizo, tana ba da labarin mijinta cikin gajiya da halinsa. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta har ƙarshe.

Gargaɗi a nan: kada ka ari muryar wa'azi ko lafazin addini ka yi raha da su. In za ka buɗe da sunan Allah da salati kamar yadda marubuta waƙa suka saba, ka yi shi da gaske, ka gama, ka numfasa, sannan ka ce ga ta nan ga ta nanku.

3. Ka kafa kari

Abin da kake bukata daga ilmin aruli, wato ilmin auna waƙa, kaɗan ne. Gaɓar Hausa iri biyu ce. Mai nauyi ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali irin ai da au, ko wadda baƙi ya rufe ta, kamar kan, tsun, sar. Marar nauyi ita ce mai gajeren wasali, kamar da, ci, a. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawo. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko gaɓarsa ta fari gajera ce, na biyu doguwa. Shi ya sa ba a auna waƙa da ido.

Ga mai farawa ina ba da shawarar karin da malaman aruli ke kira Mutadarik, domin yana tafiya kamar sassarfar jaki, kuma baki ya saba da shi. Kowane ɗango bugu huɗu ne. Kowane bugu ko dai gaɓa biyu masu nauyi (dan-dan), ko biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi (da-da-dan). Bugi tebur ka gwada:

Han-ka / ki na / da wu-rin / ɓau-re,
Tsa-ki-yar / ko-gi, / ba mai / kai-wa.

Kari ma yana canza yanayi. Ɗangon da gaɓoɓinsa duk masu nauyi ne yana tafiya da ƙasaita, shi ya dace da kirari. Mai yawan da-da-dan yana gudu, shi ya dace da inda Gizo ke rawar jiki ko tserewa. Ka riƙa sauya su da gangan.

In ka ga lissafin nan ya ɗaure maka kai, ka ajiye shi. Ka ɗauki karin wata waƙar gaɗa ko ta daka da ka sani tun yarinta, ka riƙa rera shi da la-la-la har ya zauna, sannan ka zuba kalmominka a ciki. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, nan kari ya karye.

Babban kuskure shi ne cike gurbi da fa, dai, kuwa, ma, ai. Ɗaya a baiti ba laifi. In sun kai uku, ɗangon ya zama rigar da aka yi wa faci, sai a warware a sake.

4. Ka tara kalmomin amsa-amo, ka rubuta daga ƙarshe

Ka fara da ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, amsa-amo, wato gaɓar da kowane baiti zai ƙare da ita, yana faɗuwa a ƙarshen na biyu. Ƙwar biyar tana da daɗi, amma tana tilasta maka amsa-amon ciki a ɗango huɗu, kuma raha ba ta son dogon jira.

Kafin ka tsara komai, ka cika shafi guda da kalmomi masu ƙarewa da gaɓar da ka zaɓa. Ni na ɗauki wa: yunwa, kowa, giwa, kyanwa, kanwa, wawa, tsawa, inuwa, baiwa. Ka nemi 40 ko fiye, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda suke abubuwa ne da ake gani ko taɓawa.

Yanzu ga dabarar da ta fi kowace amfani a wurina. Ka fara rubuta ɗango na biyu, wanda dariyar ke ciki, sannan ka koma ka gina na farko domin ya share masa hanya. Wanda ya fara daga sama yakan iso ƙarshen baiti ya tarar kalmar da ta dace da amsa-amo ba ta da gishiri, sai ya haƙura da ita. Kunnen mai sauraro yana jiran gaɓar nan ta wa kamar yadda ake jiran saukar taɓarya, don haka abin da ka fi so ya ji, ka ajiye shi a wurin ko dab da wurin.

Wa tana da tarko. Kusan kowane aikatau yana iya ƙarewa da ita: tafiyarwa, zubarwa, cinyewa, watsewa. In ka jera irinsu baiti biyar, kunne zai gaji. Ka riƙa raba su da suna. Haka ma masu ɗaukar ba ta korewa su yi amsa-amo da ita, kowane baiti ya ƙare da bai zo ba, bai ci ba. Yana da sauƙi, amma duk waƙar sai ta zama musu.

Ka kuma saurari hawa da saukar murya. Kowa da giwa a sama suke ƙarewa, yunwa kuwa ƙasa take sauka. Na kan ajiye mai saukar a baitin da nake so a ji an dire da Gizo.

5. Ka sa adon harshe, kowanne da aikinsa

Kambamawa ita ce uwar raha a tatsuniya, amma sai an yi ta da abin da ido ke gani. In ka ce an yi yunwa mai tsanani ƙwarai da gaske, ba ka ce komai ba. Duba wannan:

Kyanwa na kwance cikin murhu,
Sati uku ba ta motsawa.

Ban ambaci yunwa ba, amma duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya gane ba a hura wuta ba. Adadin ma yana da aiki: sati uku ya fi kwana da kwanaki, domin ƙarya in ta zo da lissafi ta fi zama daram.

Kamance kuwa, ka ɗauko shi daga tsakar gida, kuma ka kula da bakin da ya fito. Gizo da ya sha gashin aro yana ganin kansa shaho ne ko mikiya, wannan ka bar shi a bakinsa. Mai ba da labari ga abin da ya gani:

Aka manna mai gashi, ya fito,
Tamkar kaza ran figewa.

In ka jera baitin alfaharin Gizo da wannan, ba ka bukatar ƙara ko kalma.

Mutuntarwa tana sassauta abin tsoro. Yunwa ta zo ta shimfiɗa tabarma ta ce ba ta da ranar tafiya. Tukunya ta yi yaji. Da wannan ne ake ba yara labarin fari ba tare da an tayar musu da hankali ba. Karin magana ma yana shiga, musamman in Gizo ne ya jawo shi ya murɗe don ya kare kansa. Kada ka cusa ado uku a baiti ɗaya. Ɗaya mai kyau, ka wuce.

6. Ka ba Gizo bakinsa

Gizo yana da tsamin baki, kowa ya san haka. R takan koma y, s takan koma sh: sarki ya zama shayki, ɓaure ya zama ɓauye. Wannan kyauta ce tatsuniya ta ba ka, kuma ba ta taɓa kari, domin nauyin gaɓa bai canza ba.

Wannan na sho, wancan na sho,
Hay wanda kike shon cinyewa.

Amma inda abin yake da riba sosai shi ne inda tsamin bakin ya haifi wata kalmar daban. Ka zauna da fensir ka jera kalmomi masu r, ka mayar da su y, ka ga abin da zai fito. Rawa ta zama yawa. Rabo ya zama yabo. Da na gano wannan na biyun, sai ga baiti ya zo da kansa. Gizo na neman rabonsa na ɓaure a wurin wata daga cikin hankakin:

Ya ce: "Yaya, maza ba ni yabo!"
Ta ce: "Kai ne toron giwa!"

Ya nemi rabo, an ba shi abin da bakinsa ya faɗa, kuma kirarin da aka buɗe waƙar da shi ya dawo masa a lokacin da ba ya so. Duk inda ka sami damar dawo da wani abu daga farkon waƙa, ka dawo da shi.

Wannan gwajin yana da amfani na biyu: yana nuna maka kalmomin da za su fito da abin kunya in an lanƙwasa su, ka kauce musu tun a takarda. Kuma in ka san akwai yaro mai tsamin baki ko in'ina a cikin masu sauraro, ka rage abin zuwa kalma ɗaya ko biyu, ko ka bar shi. Na ga yadda yara ke juyawa su kalli ɗan'uwansu, kuma ba na so in sake gani. Haka nan kada ka ɗora wa Gizo karin harshen wata ƙabila ko wani gari.

7. Amsa-kama da amshi

Kalmomin nan irin tsundum, tim, fir, wuf, ƙurmus, su ne gangar waƙar. Wurinsu ya fi yawansu muhimmanci. Ka bar Gizo ya gama cika baki, ka yi ɗan shiru, sannan:

Ya ce: "Ni ma bayi in tashi."
Tsundum! Kifi sai watsewa.

Ban ce ya faɗa ba. Sautin ya faɗa a madadina.

Amshi kuma shi ke sa masu sauraro su zama abokan aiki. Ka yi shi gajere, mai sauƙin kamawa tun ji na farko:

Gizo dai, Gizo dai, ba ya ƙoshi.

Ka sa shi bayan kowane baiti uku ko huɗu. Bayan kowane baiti ɗaya yana kashe gudun labari. A sashen gidan kada, inda Gizo ke ɗago ƙwai ɗaya tilo da ya rage yana nuna shi sau da yawa kamar duk suna nan, maimaici shi ne komai: ka bar yara su yi ƙirgen da bakinsu.

Karangiya, wato jera kalmomi masu sauti iri ɗaya, sau ɗaya ta isa. Ni ina sa ta a bakin Ƙoƙi da magana zalla, ba cikin kari ba: kada kada ya ka da kai.

8. Abin zamani: ɗan kaɗan

Za ka ji sha'awar ba Gizo waya, ka ɗora shi a kan acaɓa, ka sa hankaki su nemi kuɗin mota. Yana ba da dariya, amma kamar kanwa yake a miya. Biyu ko uku a duk waƙar, kuma kowanne ya fito daga halin Gizo. Gizon da ya yi wa hankaka fulashin don ba shi da kati Gizo ne na gaske. Wanda aka ba kwamfuta don kawai a ambaci kwamfuta baƙo ne.

Zambo ga mutumin da ake iya ganewa, ko malami ne ko mai unguwa ko ɗan siyasa, ka bar shi. Ranar za a yi shewa, gobe kuma waƙar ta zama abin rigima, ba mai sake rera ta.

9. Gwaji da yanka

Ka tsaya a baiti 25 zuwa 30, wato kimanin minti 5 tare da amshi. Na taɓa kai baiti 60 gaban yara, kafin Gizo ya isa gidan kada rabinsu sun yi barci. In labarin ya yi tsawo, ka tsaya a tsundum, ka bar gidan kada ya zama waƙa ta biyu.

Ka naɗi muryarka, ka bari sai washegari ka saurara da fensir a hannu. Duk inda ka ji ka ja wata gaɓa ko ka haɗiye ta don kari ya daidaita, ka yi alama. Sannan ka karanta wa masu gwajinka, idonka a kan fuskokinsu. Kada ka tambaye su ko ta yi daɗi, za su ce ta yi. Ka duba inda suka yi dariya, da inda suka fara wasa da yatsu. Baitin da sai ka yi bayaninsa kafin a gane, ka cire shi ko da kana ƙaunarsa. In baiti uku sun wuce a jere ba wanda ya motsa, ka haɗe su su zama ɗaya.

Shi babban da ka gayyato, aikinsa ya gaya maka inda ka haura iyaka. Tatsuniyoyinmu suna da wuraren tusa da ɗuwawu, yara kuma suna mutuwar son su. A tsakar gida suna wucewa. A taron da iyaye da malamai ke zaune, ka sakaya su ko ka tsallake.

10. Ranar karantawa

Ka haddace aƙalla baitoci huɗun farko da duk wuraren faɗuwa, domin idonka ya kasance a kan mutane. Ka koya musu amshi sau biyu kafin ka fara. Mabuɗi da marufi ka bar su yadda aka gada, da magana: ka ce ga ta nan ga ta nanku, ka jira su ce ta zo mu ji ta.

Kada ka yi dariya. In sun yi, ka tsaya cik har ta lafa, sannan ka ɗora, in ba haka ba baitin da ke biye zai nutse a cikin hayaniya. Tsakanin ɗangon farko da na biyu ka bar numfashi guda, kafin tsundum ka bar biyu. In ka manta baiti, ka jefa amshi, kafin su gama ka tuno. Da ka kai ƙarshe ka sauke murya ka ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ka bar su su ƙarasa sauran da kansu.